Jáchymov, garin da dala ta samo sunanta

Duk wanda ya taɓa cefane a Maraɗi ko Damagaram ya san dala, sefa biyar ke nan, ga kuma dalar Amurka da kullum muke kuka ta tashi. To asalin kalmar daga wani ɗan gari ne a ƙasar Cek, cikin duwatsu dab da iyakar Jamus, sunansa Jáchymov (ana faɗinsa Yahimof), kuma yau mutanensa ba su kai 3,000 ba.

A 1516 aka fara haƙar azurfa a wurin, iyalin Schlick masu ƙasar suka shiga buga kuɗi, aka sa wa tsabar suna Joachimsthaler saboda sunan garin da Jamusanci Joachimsthal ne. Baki ya gajarta shi ya koma thaler, daga nan dola, har ya iso mana a dala. Cikin shekara ashirin garin ya tara mutum wajen 18,000, a duk Bohemiya, yankin ƙasar Cek da garin yake ciki, Prague babban birni ce kaɗai ta fi shi jama'a. Da azurfa ta ja baya sai kowa ya kama gabansa.

Amma ni ba dala ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai wani baƙin dutse mai nauyi da mahaƙa suke tsintowa suna zubarwa, ashe yuraniyom ne a ciki, kuma daga ragowarsa ne masana kimiyya Marie Curie da mijinta Pierre suka gano sinadarin radiyom a 1898. A 1906 aka buɗe wurin jinya da ruwan da ke fitowa daga ramukan, har gobe masu ciwon gaɓɓai suna zuwa wanka, otal ɗin Radium Palace na 1912 yana nan yana aiki. Su kuwa mahaƙan, tun zamanin azurfa ciwon huhu ke kashe su da ƙuruciyarsu, sai daga baya likitoci suka gane cutar sankara ce, iskar cikin ramin ke jawo ta.

Bayan yaƙin duniya na biyu abin ya ƙara muni. Aka kori Jamusawan garin, su ne kuma mafi yawan mazauna, Tarayyar Sobiyet tana neman yuraniyom ido rufe don haɗa bam, gwamnatin kwaminis ta Cekoslovakiya, ƙasar da garin yake ciki a lokacin, ta kafa sansanoni a bakin ramuka ta zuba fursunoni, a ciki har da malaman coci da tsoffin sojoji da mutanen da laifinsu kawai sun ƙi tsarin. Sunayen sansanonin ma kaɗai sun isa su tayar wa mutum da hankali: Svornost wato haɗin kai, Rovnost daidaito, Bratrství 'yan'uwantaka. Sai a farkon shekarun 1960 aka daina haƙar.

A 2019 Unesco ta sa yankin haƙar nan cikin kayan tarihin duniya, kuma abin da ya burge ni shi ne ba gidan buga kuɗi da tsoffin gidaje kaɗai aka lissafa ba, har da jan ginin nan da ke kusa da garin Ostrov, wanda fursunoni suka raɗa wa suna hasumiyar mutuwa. Wani zai ce gari mai cin abinci da baƙi masu neman lafiya me ya kai shi tallar baƙin tarihi, ai korar kwastoma ne, kuma gaskiya na fahimci damuwar, don garin na buƙatar kuɗi, gidaje da dama a babban titinsa sun daɗe a yashe. Amma wallahi ban yarda ba. Ruwan da ake wankan nan da shi daga ramin Svornost ake jawo shi, ramin da fursunoni suka yi aiki a ciki, to ta yaya za ka sayar da ruwan ka ɓoye mutanen? Na fi damuwa da wannan ne saboda mu ma muna da Arlit, inda ake haƙar yuraniyom tun farkon shekarun 1970, kuma in ana maganarta lissafin tan da farashi ake yi, da wuya ka ji an ambaci huhun leburori.

A Jáchymov dai an shata hanyar ƙafa da ta bi ta wuraren sansanonin, ana kiranta jahannamar Jáchymov. A hasumiyar kuwa, fursunoni ne suke niƙa dutsen suna durawa a ganguna, babu takunkumi babu kayan kariya, ƙurar tana shiga musu hanci da baki har a tashi aiki.