Waya ta biyu ba madogara ba ce har sai an saita ta an gwada ta

Ina so in yi magana da 'yan'uwana masu aikin haɗa kwamfutoci a ofisoshi da makarantu da asibitoci kan wata ɗabi'a da ke damuna, wato a jawo waya ta biyu daga suwic (na'urar da ke haɗa wayoyin kwamfutoci) na wani sashe zuwa babban suwic, a cusa ta a kafa (ramin da ake jona waya), a ga fitila ta kawo kore, sannan a shaida wa mai aikin cewa ko ɗaya ta yanke ɗayar za ta riƙe. A ganina, wayar da ba a saita ba ta fi rashinta haɗari.

Saƙon Ethernet, wato wanda ke bi ta waɗannan wayoyi tsakanin suwic da suwic, ba shi da wa'adin da zai ƙare kamar na IP, tsarin saƙon intanet, saboda haka idan wayoyi biyu suka yi zobe babu abin da ya toshe ɗaya, saƙon shela, wanda ake aika wa kowace na'ura, zai yi ta zagaye yana hayayyafa har ya cika hanyar. Duk wanda ya taɓa ganin wannan ya san kamanninsa: fitilun suwic gaba ɗaya suna ƙiftawa tare babu tsayawa, ma'aikata kuma suna ta ɗora wa kamfanin intanet laifi. Don maganin wannan ne Radia Perlman ta ƙirƙiro STP, tsarin hana zobe, a 1985, wanda ke rufe hanya ɗaya ya ajiye ta har ranar buƙata. Tsohon tsarin yakan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya buɗe ajiyayyar hanyar, shi kuwa sabon salonsa, RSTP, da ya zo a 2001 yana yin hakan cikin 'yan daƙiƙu, don haka ban ga uzurin zama kan tsohon ba.

Inda aka fi yin sakaci shi ne zaɓen suwic ɗin da zai shugabanci sauran. Kowanne yana fitowa daga kamfani da lambar fifiko 32768, mai ƙaramar lamba ne ke shugabanci, kuma idan lambobin suka zo ɗaya, mai ƙaramar lambar MAC (lambar shaidar na'ura daga kamfani) ne ke yin nasara, wanda sau da yawa shi ne mafi tsufa, wataƙila wani ƙaramin suwic mai ƙura da aka manta da shi a ƙarƙashin tebur. Sai ka tarar bayanan ma'aikata guda suna bi ta cikinsa. A ba babban suwic 4096, mataimakinsa 8192, an kashe maganar. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston a Amurka, inda matsalar STP ta durƙusar da sadarwa na kusan kwana huɗu a Nuwamban 2002, har likitoci suka koma rubutu a takarda.

Idan wayoyin biyu suna zuwa suwic guda ne, na fi son a ɗaure su da LACP, tsarin da ke mai da wayoyi da yawa hanya guda, su yi aiki tare, amma a gaya wa mai aikin gaskiya cewa fayil guda ba zai ninka gudu ba, domin ta waya ɗaya yake bi, kuma ranar da suwic ɗin ya mutu duka biyun sun tafi. Haka nan wayoyin faiba biyu da aka binne a rami guda, diga ɗaya ce za ta datse su.

Kafofin ma suna da nasu haƙƙi. Dole jerin VLAN (rukunonin da aka raba sadarwar gida-gida) da aka bari ya wuce ya zama iri ɗaya a wayoyin biyu, in ba haka ba ranar da ta farko ta yanke wani sashe zai rasa sadarwa alhali fitila tana kore. Kafar da kwamfuta ke shiga a sa mata saitin PortFast, mai buɗe ta ba jira, tare da na BPDU Guard, domin ta rufe kanta idan wani ya jona nasa suwic ɗin ba da sanin kowa ba. Gudun kafa kuma a bar na'urorin da ke ɓangarorin wayar biyu su sasanta da kansu, ko a ƙayyade duka biyun.

A wurinmu da ake yawan ɗauke wuta, wanda bai adana saitinsa ba zai rasa shi da zarar na'urar ta mutu ta tashi. Shi ya sa nake roƙon masu ba da kwangila kada su biya cikon kuɗi sai an zare kowace waya a gabansu ɗaya bayan ɗaya ana duba ko saƙo yana wucewa, sannan a kashe suwic ɗin a kunna a sake gwajin.