Cocin da ke ƙirga kawuna

Ranar Lahadi bayan an tashi daga Mas, wato ibadarmu ta Katolika, ina ƙoƙarin saka safar hannu, sai wata sista ta tare ni a bakin ƙofa. Na ɗauka gaisuwa ce. Ashe tambaya ce: ko na rubuta sunana a rajistar gwamnati a matsayin ɗan Katolika? Ta ce idan ban yi ba, coci na asarar kuɗi a kaina. Abin ya sosa mini rai. Shekara uku ina zuwa cocin nan, ba wanda ya taɓa tambayar daga wane gari na fito, yau an tuna da ni saboda lissafi.

A nan Aisland haka tsarin yake. Duk wanda ya kai shekara 16, gwamnati na biyan wani kaso ga addinin da ya yi rajista da shi. Ƙasar gaba ɗaya dayosis ɗaya ce, wato yankin da bishop ɗaya ke kula da shi, ta Reykjavik, mabiyanta dubu goma sha wani abu, Ikilisiyoyinta ba su kai goma ba. Kuma yawancinmu baƙi ne: 'yan Foland da suka zo gini da aikin kifi, 'yan Filifin, 'yan Lituweniya. Shi kansa Bishop David Tencer ɗan Silobakiya ne, tun 2015 yake riƙe da kujerar. Babban cocin, Landakot, jibgegen gini ne mai launin toka a kan tudu, an keɓe shi a 1929, hasumiyarsa ba tsini kamar an tsaya da gini ana jiran siminti. Ciki tsit, sai ƙarar takalma da tarin masu mura.

Tarihin Katolikan Aisland kam akwai ban tausayi, ba zan ɓoye ba. Sun yi bishop tun 1056 a Skalholt. A 1550 aka fille kan bishop ɗinsu na ƙarshe, Jon Arason, tare da 'ya'yansa biyu, lokacin da sarkin Denmark ya tilasta ɗariƙar Lutha. Aka shafe sama da shekara ɗari uku babu coci, sai da tsarin mulkin 1874 ya ba da 'yancin addini. Ba su zama cikakkiyar dayosis ba sai 1968, bayan Sakkwato ma, wadda ta samu nata a 1964. Kuma na yarda, fadocinsu, wato limaman coci, na ƙoƙari. Fada zai tuƙa mota awa huɗu cikin ƙanƙara don ya yi wa mutum takwas Mas.

To amma mutum takwas ɗin, sun san juna? A ƙauyenmu wajen Malumfashi fada sai ya yi wata bai leƙo ba, katikis, mai koyar da addini, ne ke riƙe da komai, ba albashin kirki, ba rajistar gwamnati. Amma ka yi fashin Lahadi ɗaya ka gani, kafin la'asar 'yan zumuntar mata sun iso ƙofar gidanku da kwanon fura suna tambaya ko lafiya. Baikonmu dawa ce da gyaɗa lokacin godiyar kaka. Ba a ƙirga mu, an dai san mu.

Za a ce ai tsari ya fi. Wataƙila. Sai dai lokacin da aka kafa dayosis ɗin Katsina a 2023, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan'uwanmu, a waya na kalli bikin, ni kaɗai a ɗaki, waje duhu tun ƙarfe huɗu na yamma. Na rasa wanda zan gaya wa. Wa zai gane abin da hakan ke nufi ga mutumin da ya girma ana ce masa wai Bahaushe ba ya zama Kirista?

Rajistar dai na yi ta daren nan, minti biyu a intanet. 'Yata ta iya addu'ar Ubanmu da harshen Aisland, har da ɗan na Foland da ta kwaso wajen ƙawayenta. Da na fara mata da Hausa, a layi na biyu ta tsaya tana kallon bakina.