Ga Ɗan'uwana Da Ke Cibiyar Jinya Yana Ƙirga Kwanaki

Assalamu alaikum. Nasihata ta yau ga wanda aka kwantar a cibiyar jinyar masu shaye-shaye ce, da iyayen da suka kai shi suka juyo da hawaye.

Kwanakin farko wahalar jiki ce. Wanda ya saba da tiramol ko kodin, da an yanke masa sai zufa, hamma, ciwon gaɓoɓi, amai da gudawa, barci ya ƙaurace wa ido. Abin kan tsananta a kwana na 2 zuwa na 3, sannan ya lafa cikin mako guda ko kwana 10. Na mai giya da mai ƙwayoyin barci ya fi haɗari, domin yanke su farat ɗaya na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, har a rasa rai. Shi ya sa likita ke tsayawa a kai. Masu kulle yaro a ɗaki wai sai ya ji a jikinsa, ku ji tsoron Allah.

To amma ɗan'uwa, ciwon jikin nan mai wucewa ne. Babban yaƙin yana zuwa bayan ka samu sauƙi: an karɓe wayarka, an tsara maka lokacin tashi da na kwanciya, an zaunar da kai cikin da'ira kowa na faɗin labarinsa, kai kuwa zuciyarka na raɗa maka, "Ni ba irin waɗannan ba ne. Duk ranar da na ga dama zan bari." Da yawa sun cika kwana 90 da wannan magana a ƙirji, jiki na ciki, zuciya na bakin ƙofa.

Annabi Adamu (AS) da Iblis duk sun saɓa. Iblis ya tsaya kawo hujja, Adamu da Hauwa'u suka ce, "Rabbana zalamna anfusana," ya Ubangijinmu mun zalunci kawunanmu. Ranar da bakinka ya iya cewa "abin nan ya fi ƙarfina, ku taimake ni," ranar jinyarka ta fara, ko da ka yi wata biyu a kan gadon.

Kada kuma ka raina tafiyar sannu. Giya ma a hankali aka haramta ta: Baƙara aya ta 219, sai Nisa'i 43, sannan Ma'ida 90. Nana A'isha (RA) ta ce da farkon abin da ya sauka shi ne "kada ku sha giya," da sun ce ba za su taɓa barinta ba.

Iyaye, idan ya fito ya sake zamewa, ku riƙe harshenku. Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi da ake yi wa laƙabi da Himar, wanda aka sha kawowa saboda giya. Wani ya tsine masa, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da ManzonSa.

Kai kuma ka sani, bayan makonnin nan jikinka ya manta adadin da ya saba ɗauka. Abin da kake sha a da ka miƙe, yau zai iya tsayar maka da numfashi. In sha'awar ta taso cikin dare, kira mai ba ka shawara kafin ka kira tsohon aboki, ka yi alwala kafin mai shawarar ya ɗaga wayar.