Kwalliyar 'yan rok na Japan: a juya bayan abin wuya kafin a yaba gabansa

Wanda ya taɓa ganin hoton makaɗan Japan masu salon visual kei, ko bijuaru kei a bakin Japanawa, ba zai manta ba: fuska fara fat, ido kewaye da baƙi, gashi a tsaye kamar an kafa shi, ga leshi da sarƙoƙi da fata tun daga maƙogwaro har wuyan hannu. Salon ya taso a shekarun 1980 tare da ƙungiyoyi irin su X Japan da Buck-Tick da D'erlanger. A 1992 makaɗa biyu, Mana da Közi, suka kafa ƙungiyar Malice Mizer, suka shigo da kamannin tsoffin majami'u da fadojin Turai, sannan a 1999 Mana ya buɗe gidan tufafinsa, Moi-même-Moitié. Mujallar Gothic & Lolita Bible da ta fara fitowa a farkon shekarun 2000 ta riƙa zuwa da takardun yanka a ciki, domin mai karatu ta ɗinka nata da kanta. 'Yan matan da a da suke taruwa ran Lahadi a gadar Jingu da ke unguwar Harajuku a Tokiyo, da yawansu kayan jikinsu aikin allurarsu ne.

Yau kasuwannin intanet sun cika da abin wuya mai ƙusoshi da 'yan kunne masu jemage a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. A hoto duk kyau gare su. Matsayina shi ne aikin hannu ya fi su, amma ba don hannu ya taɓa shi kawai ba. Ya fi ne domin mai yin sa shi ke zaɓar abin da zai kwanta a kan fata, kuma a wannan salon, inda komai ke matse jiki ana zufa a cikinsa, ɓangaren da ba a gani a hoto shi ke yanke hukunci.

A ɗauki choka, abin wuyan nan mai kama maƙogwaro. A zagaya tef ɗin tela a daidai inda za ta zauna, a yanka kintinkirin karammiski mai faɗin milimita 10 zuwa 15 daidai wannan awon, ba ƙari. Ƙarafan baki biyu da ƙugiya za su ƙara kusan santimita 2, shi ne sararin numfashi da haɗiyar yawu. Sai a ƙara guntuwar sarƙa ta santimita 5 don sassautawa. Idan kintinkirin na roba ne, a wuce da bakinsa kusa da harshen wuta sau ɗaya zaren ya haɗe. Idan na auduga ne wuta cinye shi za ta yi, sai dai a ɗiga gam. Ƙarfen da ke cije bakin, wanda masu sana'ar a Japan ke kira wanikuchi, wato bakin kada, dole faɗinsa ya zo ɗaya da na kintinkirin. In ya fi faɗi kusurwarsa ta riƙa kartar wuya, in ya gaza zaren gefe ya warware cikin mako.

Inda sabon hannu ya fi faɗuwa shi ne ƙaramin zoben haɗi, marukan. Ana riƙe shi da filaya biyu, a murɗa ɓangare ɗaya gaba ɗaya baya, kamar buɗe ƙofa. Wanda ya ja shi hagu da dama ya ɓata da'irarsa har abada, ko ya mayar bakin ba zai haɗu ba, kuma ta wannan 'yar kafar abin lilon zai sulale ya ɓace. Zobe mai kaurin milimita 0.7 ko 0.8 ya isa ɗaukar abin lilo mara nauyi. In abin mai nauyi ne, kamar makullin ƙarfe ko babban dutse, a sa zobe biyu, a kuma ɗinka masa mariƙi a jikin kintinkirin, in ba haka ba gaban zai riƙa rinjaya ƙugiyar baya ta yi ta hawa ƙeya.

Leshi kuwa iri-iri ne. Na nailan mai arha yana sheƙi a hoto, a wuya kuma ƙaiƙayi ne zalla da zarar gumi ya zo. Na auduga ya fi laushi, sai dai baƙinsa kan zuba. Gwajin mai sauƙi ne: a jiƙa farin ƙyalle a goga a kai. In ya ɗauko launi, a wanke leshin shi kaɗai har ruwan ya fito garau tukuna a yanka, domin farar rigar da za a sa a ƙarƙashi ba ta yafe wannan tabon.

Sai maganar ƙarfe, wadda a ganina ita ce zuciyar batun. Yawancin ƙarafan ado masu arha an yi musu wankan nikel ne, ko an shimfiɗa nikel a ƙarƙashin launin da ake gani. Zufa na narkar da shi kaɗan kaɗan, fata ta sha, wata rana ta yi bore. A ɗaga irin wannan chokar bayan awa uku a ɗakin rawa mai zafi: a bayan kowace ƙusa akwai kan sukuru, kuma a wuya za a ga jerin jajayen ɗige-ɗige, tazararsu daidai da tazarar ƙusoshin, washegari su zama ƙuraje masu ruwa. Jikin da ya koyi ƙin nikel ba ya mancewa. Shi ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa abin da ke daɗewa a kan fata kada ya saki fiye da maikirogiram 0.5 na nikel a kowane murabba'in santimita a mako, abin da ke shiga huda kuma 0.2. Akwai ruwan gwaji da ake ɗigawa a auduga a goga wa ƙarfen, in ya koma ruwan hoda to nikel na fita. Mai aikin hannu yana da zaɓi: ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316L, wanda ko da yake akwai nikel a cikinsa ba ya sakin sa da yawa, ko titaniyom ga mai tsananin bore, ko azurfa mai lamba 925. Ita azurfa tana da wata fa'ida ga wannan salo, domin ana baƙanta ta da ruwan farar wuta, abin da Japanawa ke kira ibushi, sannan a goge tudun a bar baƙin a cikin kwarin zanen. Wannan baƙin ba fenti ba ne, ba ya ɓarewa.

Ga chokar fata, a nemi fata ta gaske mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2, faɗin santimita 2. Ta roba tana da ajali: danshin iska na ruɓar da fuskarta ko an sa ko ba a sa ba, kuma daminar Japan ta watan Yuni da Yuli ba ta raga mata. Bayan 'yan shekaru sai a ɗauko ta a tarar tana danƙo tana zubar da ɓawo baƙi a hannu. A huda ramuka da abin huda, kada a yi da bakin almakashi. Ƙafar ribit, wato ƙusar da ake dannewa ta kama fata, ta ɗara kaurin fatar da milimita 2 ko makamancin haka. In ta yi tsawo lanƙwashewa za ta yi a karkace, in ta gaza ba ta kamawa. Kowace ƙusa mai sukuru a ɗiga mata gam ɗin kulle sukuru kafin a ɗaure. Sannan abin da masana'antar arha ba ta taɓa yi: a yi shafi da siririyar fata mai laushi a ciki, ta rufe kawunan sukuran duka. Gefen kuma a shafa masa Tokonole, wani maganin gyaran gefen fata na Japan, a murje da katako har ya yi santsi. Duk badukun da ya san aikinsa zai gane wannan mataki, sunan maganin ne kawai baƙo.

Rezin, wato ruwan robar da ke daskarewa a ƙarƙashin fitilar UV, shi ya buɗe wa matasa ƙofar yin furen wardi da akwatin gawa da ƙaramin madubi a gida. Amma baƙin launi maƙiyin wannan fitila ne, domin yana tare hasken. Sai a ciro abu daga mazubi, wajensa tauri kamar gilashi, a matsa shi da yatsa a ji ya lotsa, ruwa ya tsatso ta gefe. Wannan ɗanyen ruwan shi ne haɗarin, yana sa fata ta koyi bore irin wanda kan dawo wa mutum har a kujerar likitan haƙori, inda ake aiki da dangin wannan robar. Maganin shi ne a zuba sirara-sirara, kada shimfiɗa ta wuce milimita 2, a gasa kowacce, a juya mazubin a haska ta baya, a kuma sa safar hannu ta naitiril. Mai son baƙi ƙirin gara ya koma rezin mai haɗi biyu, a auna a sikeli yadda kamfanin ya rubuta, a bar shi yini guda ko fiye ya kama da kansa.

A ɓangaren fuska ma dokar ɗaya ce. Farar fuskar nan tana da tushe a gida, 'yan wasan kabuki, wasan kwaikwayon gargajiyar Japan, suna shafa kakin bintsuke sannan su bi da farar hodar oshiroi, kuma tun da hukuma ta hana mata hawa dandalin kabuki a 1629 maza ke fitowa a matsayin mata. Wanda bai san wannan ba zai yi wa namiji mai jan baki a dandalin Tokiyo fassarar da ba tasa ba. Haka gicciyen da ya cika kayan: Kiristoci a Japan ba su wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba, yawancin masu rataya shi ado suka ɗauke shi. Ga wanda alamar ke da nauyi a wurinsa, wardi da makulli da kambi da jemage duk suna cikin salon, babu abin da ya ragu.

Ana fara kwalliyar da gira. A shafa gam ɗin sanda irin na 'yan makaranta, mai wankuwa da ruwa, a taje gashin sama ya kwanta, a bari ya bushe, a maimaita sau uku, a danna hoda. Wanda ya yi gaggawa ya ɗora fari a kan ɗanyen gam zai ga girar ta tashi kamar ƙaya a tsakiyar dare. Farin kuma da soso ake dangwala shi, shimfiɗa biyu sirara, ba a jan sa, domin ja na barin sawu. Ido ake gamawa kafin kumatu, saboda baƙar hoda na zubowa. A ja gazal ya zarce wutsiyar ido da milimita 5 zuwa 8, layin ƙasa kuma a sauke shi milimita 2 ko 3 daga gashin ido, a cike tsakanin da fari, idon ya ƙara girma ga na nesa. Baƙi shi kaɗai rami yake zama; a narkar da gefensa da ja mai duhu ko shunayya. Gashin idon kanti a rage shi ta wutsiya, a bar gam ɗinsa ya sha iska daƙiƙa 30 ya yi danƙo tukuna.

Mai baƙar fata da ya kwaikwayi farin Mana kai tsaye zai fito toka-toka, domin fari a kan duhu launin toka yake bayarwa sai an lafta shi, in an lafta kuma ya tsage. Abin da ya fi shi ne a bar fuskar a launinta, a kashe mata sheƙi da hoda, a kai farin kan fatar ido kawai don ja da azurfa su fito. Kuma kada a ce tunda baƙi ake nema kwallin gargajiya ya wadatar. Irin na dutse sau da yawa dalma ce: a 2012 hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da gubar dalma ta kama ta hanyar tiro, wani kwalli da aka kawo daga Najeriya, aka auna aka sami kashi 82.6 cikin 100 dalma. Wannan salo yana cin baƙi ninkin kwalliyar yau da kullum.

Gilashin cikin ido mai launi ya jawo raunuka a Japan har ta kai a Nuwamba 2009 gwamnati ta sa shi cikin kayan asibiti masu tsauraran sharuɗɗa, ko da ba na gyaran gani ba ne. A sa shi kafin kwalliya, a cire kafin wanke fuska, kada ruwan famfo ya taɓa shi ko akwatinsa, kuma likitan ido ya auna lanƙwasar idon tun farko.

Masu kare kayan arha suna da hujja: filaya biyu, abin huda, fitila da sikeli kuɗi ne, kuma yarinya 'yar sakandare ba za ta iya kayan Moi-même-Moitié ba. Gaskiya ne. Amma kayan aikin sau ɗaya ake saye, shagunan unguwannin Asakusabashi da Nippori da kantin Okadaya na Shinjuku, duk a Tokiyo, suna sayar da sassa ɗai-ɗai, kuma ko chokar kanti ana iya ceton ta da shafin fata da canjin ƙugiya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rubuta "aikin hannu" a kan abu a Minne, kasuwar intanet ta kayan aikin hannu, ko a teburin bajekolin Design Festa, alhali sassan nikel ɗin nan ne aka harhaɗa. Mai saye ya tambayi irin ƙarfen da sunansa, ya nemi hoton bayan kayan, ya duba ko bakin zobban ya haɗu.

Bayan an tashi daga wasa, man wanke fuska ake fara murzawa a busasshiyar fata ya narkar da farin da gazal, sannan sabulu, gam ɗin gira kuma ruwan ɗumi ke sauke shi ba tare da an tuge gashi ba. Ƙarafa a goge musu gishirin zufa da busasshen ƙyalle a daren, azurfa ta shiga leda mai zif ita kaɗai, fata kuwa a shanya ta a inuwa ta sha iska kafin a mayar da ita akwati.