Wa ya cinye min giga goma a kan Danganronpa 2?

Raina a ɓace yake. Sati uku cur na yi ina fama kafin gem ɗaya tak ya sauka a wayata, a ƙauyenmu da ke tsakanin Gumel da Maigatari. Da kuɗin zoɓon da na noma na saye shi, da kuɗina na sa data, da kuɗina nake caji, amma sai da aka mayar da ni kamar mai bara a ƙofar gidan da ba a san shi ba.

Danganronpa gem ne na Japan, wanda Kazutaka Kodaka ya rubuta labarinsa. Na farko ya fito a 2010, na biyu a 2012, sai a 2020 aka kawo su wayar hannu. Ba irin na ƙwallo ko harbe-harbe ba ne. Labari ne kake karantawa, a yi kisa, ka tattara shaidu, a zauna shari'a. In kun gano mai laifi, shi kaɗai za a hukunta, in kuka kuskure kowa ya hallaka shi ya tsira. Na farkon a Kano na gama shi bara, a ɗakin yayana, inda sabis ba ya wasa da mutum. Tun lokacin nake ɗokin na biyun.

A nan gida, in kana son sabis sai ka hau tudun da ke bayan makarantar firamare. Nakan fita bayan sallar isha'i, in zauna cikin sanyin hunturu ina ɗaga waya sama. Za ka ga 4G a rubuce, ka danna saukewa, kafin ka kifta ido ta koma E. Wani lokacin ma wayar sai ta tsallaka ta kama sabis ɗin Nijar, alhali ina zaune a ƙasar Jigawa. Daren farko ya kai kashi 71 ya tsaya cak, da na taɓa sai ya koma sifili. Dare na biyu haka. Na uku saƙo ya shigo wai datata ta ƙare. Giga goma, wadda aka ce ta wata guda ce, ta tafi cikin kwana uku ba tare da na ga ko fuskar mutum ɗaya a gem ɗin ba!

Na kira kamfanin layina. Na fi minti ashirin ina jin kiɗa kafin wata ta ɗauka. Na ce, "Hajiya, don Allah ki duba min, an ci datata abin bai sauka ba." Ta ce, "Yallaɓai, ka kashe wayar ka kunna." Na ce na yi ya fi sau goma. Ta ce a wurinsu komai lafiya lau yake a yankinmu. Lafiya lau? Mai gadin ƙarfen sabis ɗin ɗan garinmu ne, da bakinsa ya gaya min in man inji ya ƙare, ƙarfen kan yi kwana biyu a mace kafin a kawo wani. A watan Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har da kashi 50 cikin ɗari, aka ce don aiki ya inganta. Ƙarin ya iso ƙauyenmu ba tare da ɓata lokaci ba, ingancin ne har yau bai samu motar da za ta kawo shi ba.

Sai da na sake sayen wata datar, na hau acaɓa ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari, na zauna a rumfar wani abokina tun hantsi har la'asar, sannan ya sauka. Kuɗin acaɓar ma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba a magana.

Abin da ya ƙara min baƙin ciki shi ne gem ɗin ya cancanci a yi shi cikin natsuwa. A ganina ya fi na farko. Maimakon makarantar da aka kulle su Makoto Naegi, jarumin gem na farko, a ciki, yanzu ɗalibai 16 ne a tsibirin Jabberwock, ga rairayi ga teku, wuri a buɗe amma babu hanyar fita. Kai ne Hajime Hinata, yaron da ya manta baiwar da ta sa aka ɗauke shi makarantar. Monokuma, mugun nan mai rabi fari rabi baƙi da ke sa ɗaliban kashe juna tun a gem na farko, yana nan da halinsa. Amma wanda ya riƙe labarin shi ne Nagito Komaeda. Da farko za ka ɗauka aboki ka samu, mai ladabi da taushin murya, kafin shari'ar farko ta ƙare za ka rasa inda za ka ajiye shi. Ban taɓa ganin mutum a gem da ya hana ni barci kamar shi ba. Akwai abin da ban so ba. Wasan haɗa haruffan da ke yawo suna karo da juna a tsakiyar shari'a ɓata lokaci ne, musamman a kan gilashin waya. Sannan akwai shigar wasu 'yan matan da ba ta da wani amfani ga labarin, dole in ƙannena suna kusa in kife wayar. Kuma wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai sha wuya, don karatu ne zalla.

To, ya sauka, sai matsalar wuta. Taransifomarmu ta ƙone tun tsakiyar damina. An bi gida-gida mun yi karo-karo, an kai kuɗi, har yau shiru, amma takardar bil ba ta taɓa ɓatan hanya ba. Shari'a ɗaya a gem ɗin takan ci awa biyu ko fiye, batir kuma ba ya jurewa. Ina tsakiyar shari'a ta biyu, magana ta zo gangara, wayar ta mutu. Da safe na kai wa mai caji, ya ce, "Malam, sai haƙuri, yau layi ne, sai bayan azahar." Ba laifinsa ba ne, inji ɗaya gare shi, garin gaba ɗaya a kansa yake.

Kisan farko a gem ɗin cikin duhu aka yi shi. Ana tsaka da walima wuta ta ɗauke na ɗan lokaci. Ɗaliban nan ba su ce ƙaddara ce su watse ba. Sai da suka bi diddigi suka gano an bar dutsen guga a kunne, an saita na'urar sanyaya ɗaki, don lodi ya yi yawa wutar ta yanke, kuma sai da wanda ya shirya haka ya amsa da bakinsa. Ina karanta wannan a ɗakin da ya yi wata biyar ba wuta, wallahi sai da na ji zuciyata na tafasa. Mu wa za mu tsayar a gabanmu mu tambaya?

Wani dattijo a majalisa ya ce min, "Kai ɗan nan, duk wannan faɗan a kan wasa?" Na ce, "Baba, sabis ɗin da ya hana ni wasa shi ne ya hana mai POS ba ka kuɗinka ranar kasuwa, shi ne ya sa Inna ba ta iya jin muryar Yaya in ya kira daga Kano." Ya yi shiru, don ya san ranar sai da ya ci bashi ya sayi gero.

Ina babi na huɗu yanzu, wayar kuma tana wurin mai caji, ta goma sha bakwai a layi, da ta maƙwabcina nake wannan rubutun. A dawo min da giga gomata, a riƙa zuba wa ƙarfen nan mai a kan lokaci, sannan a kawo mana taransifomar da muka biya kuɗin gyaranta ko a dawo wa kowane gida da abin da ya bayar.