Wa muke yi wa godiyar, kuma yaushe?

Mutanen Amurka, inda nake zaune yanzu, ba su raina godiya ba. Har ranar hutu suka ware mata. Shugaba Abraham Lincoln ne ya shelanta ta a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, yanzu kuma ana yin ta Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Masana halayyar ɗan Adam ma sun sa baki. A 2003, Robert Emmons da Michael McCullough sun wallafa wani bincike da ya nuna cewa masu rubuta abubuwan da suke godiya a kansu kowane mako sun fi jin daɗin rayuwarsu a kan masu rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai. Shi ya sa mutane da yawa a nan ke ajiye ɗan littafi a gefen gado, su rubuta abu uku ko biyar kafin barci.

Tsarin ya burge ni. Inda na ja da baya shi ne, sau da yawa godiyar ba ta da mai karɓa. Mutum zai ce yana cike da godiya, ka tambaye shi wa yake gode wa, sai ya tsaya yana kallonka. Ta zama magani kawai, ana sha don a samu barci.

A majami'un da na taso a ciki ba mu da wannan matsalar. Mun san sunan wanda muke gode wa, kuma da ƙarfi muke kiransa. Tamu cutar daban ce: muna jira sai abu ya samu. A lokacin shaida, sa'ad da ake faɗa wa jama'a abin da Allah ya yi wa mutum, wanda ya samu aiki zai tashi, wadda ta sauka lafiya za ta tashi, wanda biza ta fito masa zai tashi har da rawa. Ita kuwa 'yar'uwar da ta shekara tana roƙo ba amsa, tana can kujerar baya tana tafa wa wasu. Wani lokacin ma shaidar takan karkace ta koma nuna arziki. Yesu ya ba da misalin Bafarisiyen da ya fara addu'arsa da godiya a Luka 18, amma mai karɓar haraji ne ya koma gida baratacce, wato karɓaɓɓe a gaban Allah.

A ganina Daniyel ne ya haɗa abin da kowane ɓangare ya rasa. Sura ta 6 ta littafin Daniyel a Littafi Mai Tsarki ta ce da ya ji an sa hannu a dokar hana yin addu'a ga kowa sai Sarki Dariyus har kwana 30, sai ya hau ɗakinsa na sama, tagogi a buɗe wajen Urushalima, ya durƙusa sau uku a rana yana addu'a yana godiya, kamar yadda ya saba. Ramin zakuna, hukuncin wanda ya karya dokar, na jiransa. Babu wani sabon alheri da ya same shi ranar. Lokacin godiya ne ya yi, shi kuma ya riga ya saba, har maƙiyansa sun san sa'ar da za su same shi a durƙushe. Shi ma fa baƙo ne a ƙasar wasu, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga irinmu.

Don haka ni na ari littafin gefen gadon, amma kowane layi da "Ya Ubangiji" yake farawa, kuma ina rubutawa ko ranar ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Da fastocinmu za su ji shawara, da a lokacin shaida sun riƙa ba da wuri ga wanda har yanzu yake jira, ya tashi ya gode. Bulus a ɗaure yake sa'ad da ya rubuta wa Filibiyawa cewa su kai roƙonsu gaban Allah tare da godiya, kuma bai san ko hukuncin kisa za a yanke masa ba.