Baba Akawu Ya Shiga Kafe

Kafen intanet ne a Tudun Wadar Kaduna, irin wanda ƙarar janareta ta fi ta mutane. Ɗan Boko ya zo neman saƙo guda ɗaya tak, gyaran babi na biyu da malamin furojet ya ce zai turo masa ta imel. Kakansa ya biyo shi da tsohuwar jakar fata a hammata, wai zai yi fotokofin takardun fansho.

ƊAN BOKO: Mai Kafe, ba ni minti goma.

MAI KAFE: Ba ma yanka awa. Kuma kuɗin janareta ne, masu wuta sun ɗauke tun shekaranjiya.

Baba Akawu ya gyara tabarau ya leƙo ta kafaɗar jikan.

BABA AKAWU: Kai abokina, wannan lambar ta gefe fa? Kuɗinka ne?

ƊAN BOKO: Ina fa, Alhaji Baba. Saƙonnin da ban buɗe ba ne. 8,412.

BABA AKAWU: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Wasiƙa dubu takwas a tire ɗaya? Ni na shiga aiki 1964, Sardauna na raye, Kaduna na riƙe da Arewa gaba ɗaya. Takardar Sakkwato, takardar Maiduguri, takardar Ilori, duk ta hannunmu suke bi. Wasiƙa uku ta kwana a tirenka, takardar tuhuma za ka sha kafin azahar. Matsa!

Ya zauna. Wanda ya san tsofaffin ma'aikatan garin nan ya san in suka ce "zamanin Sardauna" to ka nemi kujera, ba yanzu ba.

MAI KAFE: Baba, ai abin da sauƙi. Ga gurbin nema can sama, ya rubuta sunan malamin, saƙon zai fito.

BABA AKAWU: Nema? Sai wanda ya yar yake nema. Akawu ɗaukowa yake yi. Buɗe mana fayil.

MAI KAFE: Folda kenan. To a Gmail lakabi suke ce masa. Ka liƙa wa saƙo, ya koma ƙarƙashinsa. Saƙo ɗaya ma yana iya ɗaukar lakabi biyu ko uku.

BABA AKAWU: Takarda ɗaya a fayil biyu, ba a saka kabon ba?

MAI KAFE: Ba kabon.

BABA AKAWU: Wannan ai zamba ce cikin aminci. Mu wanda ya yi haka kotu ya tafi.

ƊAN BOKO: A yi guda uku kawai mu tashi. Makaranta, Banki, Shirme.

BABA AKAWU: Ji sakarai. Fayil ba lamba? Rubuta: KD, karan tsaye, JIKA, karan tsaye, MAK, karan tsaye, 1. Kundi na ɗaya. A ƙarƙashinsa ka buɗe ƙaramin fayil na rajista, na kuɗin makaranta, na jarrabawar da aka ci, na wadda aka faɗi.

ƊAN BOKO: Ban faɗi ko ɗaya ba.

BABA AKAWU: Buɗe dai. Akawun kirki yana tanadi.

Aka shiga rabo. Baba ya hana a taɓa saƙo sai an karanta masa shi tun daga sallama. Sanarwar Facebook cewa wani ya yi sabon hoto ta samu fayil. Alat ɗin banki na cire kuɗin kula da kati ya samu fayil, har da kundi na biyu, don wannan kam ba ya yankewa. Wani shagon intanet da yaron ya taɓa duba takalmi a cikinsa shekara uku da suka wuce, bai saya ba, ya turo saƙo ɗari huɗu. Baba ya ce wannan ɗan kasuwa ya san aiki, a ba shi fayil mai kyau.

BABA AKAWU: Wannan kuma wace ce ta rubuto "barka da dare" da hoton fure?

ƊAN BOKO: 'Yar ajinmu ce, littafi take nema.

BABA AKAWU: Da ƙarfe ɗayan dare? Wannan rajistar sirri za ta. In ta zo gaisuwa ka gaya mata ni ne mijin, kai ɗan aike ne.

Awa ta farko ta cika an raba saƙo sittin da ɗaya. Mai Kafe ya ƙara wa janareta mai, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa bushara.

MAI KAFE: Baba, a haka sai azumi ya same mu. Bari in kafa masa matata.

BABA AKAWU: Matarka? Me ya kawo iyali cikin aikin ofis?

MAI KAFE: A'a, matata, abin tacewa.

BABA AKAWU: In irin matatar man fetur ta hanyar Kachia ce, bar ta. Mun gaji da jiran ta.

MAI KAFE: Wannan tana aiki. Za ka ce mata duk saƙon da ya fito daga adireshin makaranta a liƙa masa lakabin makaranta, na talla kuma kada ya ma tsaya a akwati. Ka danna wuri ɗaya, ta bi ta kan tsofaffin ma. A kwamfuta ake kafa ta, manhajar waya ba ta yi, shi ya sa har yanzu muke cin abinci.

BABA AKAWU: Wannan ai aikin masinja ne. Nawa albashinsa?

MAI KAFE: Kyauta.

BABA AKAWU: Shi ya sa yara suka cika gari da digiri. Ban yarda ba. Masinjan da ba ya gaisuwa ba ya taɓa mini fayil.

ƊAN BOKO: To a goge na tallan mana, don Allah.

BABA AKAWU: A goge? Takardar hukuma?

MAI KAFE: Kwandon shara za su, su yi kwana 30, sannan su tafi gaba ɗaya. Na sifam, wato tarkacen saƙonnin da ba ka nema ba, ma haka.

BABA AKAWU: Kwana 30! Je ka gidan adana takardun tarihi nan titin Yakubu Gowon, za ka tarar da wasiƙun Razdan da na Di'o suna kwance lafiya lau, da sa hannunsu. Ku kuma wata guda.

Daga nan ya bayyana musu sirrin aiki, murya ƙasa ƙasa kamar mai ba da laƙani. Takarda iri uku ce a duniya. B.U., a dawo da ita rana kaza. P.A., an gama, a ajiye. Sai uwa uba K.I.V., wato a bar ta inda ido ke gani, wanda a aikace yana nufin inda hannu ba zai sake kaiwa ba. Mai Kafe ya ce P.A. ɗin akwai ta, maɓalli ne da ke janye saƙo daga akwati ba tare da ya goge ba. Baba bai ko kalle shi ba.

BABA AKAWU: Buɗe K.I.V. Zuba sauran dubu takwas ɗin a ciki.

Aka zuba. Akwati ya koma fes.

BABA AKAWU: Ka gani? Shekara talatin da biyar ina haka, fayil bai taɓa ɓata a hannuna ba.

ƊAN BOKO: To naka na fansho fa, da kake wa fotokofi tun ina firamare?

BABA AKAWU: Wannan ba ɓata ya yi ba. Yana K.I.V. Yaran na bin ƙa'ida.

ƊAN BOKO: Ni dai har yanzu ban ga saƙon malam ba.

Mai Kafe ya duba ƙasan shafi ya yi tsaki. Gigabait 15 ɗin wurin ajiya da Google ke bayarwa kyauta ba na imel kaɗai ba ne, da ma'ajiyar fayiloli ta Drive da hotuna ake raba shi, kuma hotunan bikin abokai da na hawan sallah sun cinye tas. Wuri in ya cika, sabon saƙo ba ya shiga, komawa yake wa mai shi. Wata biyu kenan ba abin da ya shigo.

Ɗan Boko ya kira malam, ya rusuna wa waya har ƙasa.

ƊAN BOKO: Ranka ya daɗe, maganar gyaran da ka ce za ka turo ta imel... Na'am? To. To, ranka ya daɗe.

MAI KAFE: Me ya ce?

ƊAN BOKO: Wai wane imel. Wai in bugo babin a takarda, kofi biyu, in kai ofis. In ban same shi ba in tura ta ƙarƙashin ƙofa.

BABA AKAWU: Allahu Akbar! Ashe akwai sauran mutane a ƙasar nan. Ɗan wane ne? A gaishe shi.

MAI KAFE: Baba, awa uku ce, da fotokofi shafi sha biyu. Wa zai biya?

BABA AKAWU: Rubuto a takarda.

Mai Kafe ya rubuto. Baba ya karanta sau biyu, ya zaro biro daga aljihun gaba, ya yi haruffa uku a kusurwar sama, ya sa hannu da kwanan wata, ya miƙa masa. Ya ɗauki jakarsa.